Shekarar Da Baba Ya Daina Shan Magani

Yarana, har da ku 'ya'yan Yaya Yohanna, domin ku ma nawa ne. Labarin da kuka tashi kuna ji game da Kakanku shi ne wai kamfani ne ya kashe shi. Haka Yaya ya riƙa faɗa a kowane taron dangi har ranar da Ubangiji ya kira shi, ni kuwa ina zaune a wurin, ban taɓa tanka masa ba ko sau ɗaya. Akwai gaskiya a maganarsa, sai dai ba ta cika ba, ragowar kuma tana wurina. Tsararrakina suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, ido kuma ya soma gajiya da karatu, shi ya sa na ga gara in rubuta muku tun hannu yana iya riƙe biro.

Abin ya faru ne wajen shekara biyu bayan an canza mana kuɗi daga fam zuwa naira. Ina da shekara ashirin da biyu, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Kafanchan, ban yi aure ba, ina zaune tare da Baba da Mama a gidanmu na ƙasa mai rufin kwano da ke bayan tashar jirgi. Yaya Yohanna, wanda shi ne babba, yana aiki a masaƙa a Kaduna, sai da hutu muke ganinsa. Mu biyu kaɗai muka rayu cikin 'ya'ya shida da Mama ta haifa. Baba mutumin Kwoi ne, ya sauko Kafanchan tun yana saurayi, ya samu aiki a wani kamfanin Turawa mai sayen citta. Shekara ashirin da takwas ya yi a bakin sikeli. Manoma su kawo busasshiyar citta a buhuna, shi ya auna, a loda a jirgi ta yi kudu. Ko a coci, inda yake cikin dattawa, ba a kiransa da sunansa Ayuba, sai dai a ce Baba Mai Sikeli. Ƙamshin citta bai taɓa barin rigunansa ba, kome yawan sabulun da Mama ta sa.

A duk shekarun nan, kowane wata ana cire wani abu kaɗan daga albashinsa, ana ce da shi kuɗin magani. Alkawarin shi ne duk ma'aikacin da ya biya, shi da matarsa za su riƙa samun magani a ɗakin shan maganin da kamfanin ya buɗe, har bayan ya bar aiki, har mutuwa. An ba shi wani koren kati mai sunansa da lambarsa, cikin Littafi Mai Tsarki yake ajiye shi. Wasu abokan aikinsa sun sha gunaguni cewa cin kuɗinsu kawai ake yi, tun da lafiyarsu ƙalau. Baba ba ya cikinsu. Yakan ce mai hankali tun da rani yake gyara rufin ɗakinsa.

Shekara biyu kafin ya yi ritaya sai ciwon kai ya sa shi gaba, wata rana kuma haɓo ya ɓalle masa a bakin aiki har jini ya ɓata takardar awo. Likitan kamfani ya ɗaura masa abin awon nan a dantse, ya hura, ya saurara, ya ce hawan jini ne, kuma ba irin ciwon da ake rabuwa da shi ba ne, sai dai a riƙa lallaɓa shi da ƙwaya kullum har iyakar rai. A lokacin mutanenmu ba su saba jin irin wannan ba. Abin da aka sani shi ne mutum ya sha magani kwana uku ko bakwai, ya warke, ya manta. Amma Baba ya karɓi abin hannu bibbiyu. Kowace safiya bayan mun gama addu'a sai in ɗauko kwalbar daga kan kabad, in zuba masa farar ƙwaya ɗaya a tafin hannu, ya kora da kunu. Ranar ɗaya ga wata yakan sa farar rigarsa, ya hau keke, ya je ya karɓo na wata guda. A ba shi kujera, a auna shi, a gaishe shi da sunansa. In wani baƙo ya yi masa jaje cewa ya zama bawan ƙwaya, dariya yake yi.

"Ba roƙo na yi ba," in ji shi. "Nawa ne. Na biya shi tun ban yi ciwo ba."

Shekara uku bai tsallake rana ɗaya ba. Ku riƙe wannan da kyau, kada wani ya ce muku Kakanku jahili ne da bai san amfanin magani ba.

Ana nan sai Turawan suka sayar da kamfanin suka tafi, sababbin masu shi suka zo da nasu tsarin. Ba su soke katin ba. Amma tsofaffin da suka yi ritaya aka ware musu ranar Alhamis kaɗai, kuma ba ta ƙofar gaba ba, ta wata 'yar taga a bayan gini, inda babu benci babu inuwa. Maganin wata guda ya koma na sati biyu. Likita sau ɗaya yake leƙowa a wata, ma'aikata masu ci yake fara gani, kafin ya kai kan tsofaffi lokacinsa ya ƙare. Duk wannan Baba ya haƙura da shi. Abin da ya karya shi canza ƙwayar ne. Farar ta ɓace, aka kawo wata rawaya, ita kuwa ba ta karɓe shi ba ko kaɗan. Hancinsa ya toshe kamar mai murar da ba ta ƙarewa, in ya miƙe tsaye jiri ya ɗebe shi, ga barci da rana tsaka. Mutumin da yake tashinmu da waƙar sujada tun asuba ya koma zama shiru a gindin mangwaro yana kallon ƙasa. Ranar Lahadin da ta biyo bayan Kirsimeti yana zaune a gaba cikin dattawa, fuskarsa tana kallon jama'a, sai barci ya kwashe shi ana tsakiyar wa'azi, har littafin waƙa ya suɓuce daga hannunsa ya faɗi. Matasa suka yi ta ƙunshe dariya. Da muka dawo gida bai taɓa abinci ba.

Alhamis ɗin da ta biyo baya muna cikin hutun makaranta, sai na raka shi, don ina tsoron kada jiri ya kayar da shi a hanya. Mun tsaya a layi tun hantsi har rana ta take. Duk tsofaffin da na sani ne tun ina yarinya, masu ɗaukar buhu da masu gadi da direbobi, wasu sun tsuguna a jikin bango don tsayuwa ta gagare su. Da layi ya zo kan Baba sai ya cire hularsa, ya miƙa katin. Mai ba da maganin saurayi ne, bai wuce sa'an Yaya ba, shi kaɗai ne a ciki, gumi ya jiƙa masa riga.

Baba ya ce, "Ɗana, wannan rawayan yana kashe mani jiki. Ko za a mayar mani da farin da nake sha da?"

"Farin babu, Baba. Wanda akwai ke nan."

"To a bar ni in ga likita."

"Likita sai ƙarshen wata, in ya zo. Baba, ka karɓa ka ba na baya wuri. Abin kyauta ba a zaɓe."

Baba ya tsaya da hularsa a hannu kamar wanda aka mara.

"Kyauta?" ya ce a hankali. "Ba a haife ka ba na fara biya."

Saurayin bai ma ji ba, ya riga ya miƙa hannu ga katin na baya. Ban riƙe shi a zuciya ba, don gajiya ce ta yi magana a bakinsa, kuma ba shi ya tsara abin ba. Baba ya karɓi ƙunshin, ya sa a aljihu, ya mayar da hularsa. Muka tako har gida.

Washegari da na miƙa hannu zan ɗauko kwalbar sai ya tsayar da ni. Uwata yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mani, Rifkatu. Ya ce in bar kwalbar a ɗakinsa, shi ba yaro ba ne, zai riƙa ɗauka da kansa. Ban kawo kome a raina ba. Cikin sati biyu kuwa sai ga Baba ya dawo. Hanci ya buɗe, jiri ya tafi, waƙar asuba ta dawo har maƙwabta suna ji. Ya gyara kekensa, ya koma zuwa 'yar gonarsa da ke bayan gari, ya soma maganar cittar da zai shuka in ruwa ya sauka. Mama ta je taron zumuntar mata ta ba da shaidar godiya. Duk Alhamis ta biyu kuma yana sa farar rigarsa, ya zaro katin daga Littafi, ya fita, sai azahar ya dawo.

Wata Alhamis hedimasta ya aike ni tasha in karɓo kwalin littattafan da aka turo mana a jirgi. Ina jiran a nemo kwalin sai na hango farar riga can ƙarshen dandamali. Baba ne zaune a benci shi kaɗai, hularsa a kan gwiwa, yana kallon lebura suna loda buhuna. Na je na tsaya a gabansa.

"Baba, ba yau ne ranar magani ba?"

Ya ɗago ya dube ni, bai yi ƙoƙarin ɓoye kome ba. Ya matsa mani wuri.

"Zauna, uwata. Tun ranar nan ban koma ba, kuma ba zan koma ba. Ragowar rawayan na zuba a masai."

"Amma likita ya ce ba a dainawa."

"Likitan da ya faɗa ya tafi ƙasarsu. Dube ni da kyau. Yaushe rabon da ki gan ni da ƙarfi haka? Zan mutu ranar da Allah ya rubuta, amma ba zan mutu a tsaye a bayan gini ina jira yaro ya yi mani sadaka da abina ba. Uwarki kada ta ji, kuka za ta yi ta yi. Yohanna kada ya ji, zai zo ya tayar da rigima ya ja wa kansa. Ki yi mani alkawari."

Na yi masa. Wannan shi ne mutumin da ya tsaya kai da fata na yi makaranta lokacin da danginmu na Kwoi suke cewa asarar kuɗi ce, kuma bai taɓa roƙona kome ba sai ranar nan. Ga shi kuma a gabana, idonsa garau, muryarsa da ƙarfi. Idona ya yarda da shi, ko da yake zuciyata ba ta yarda ba.

Rashin kwanciyar hankali ya kai ni wurin maƙwabcinmu Oga Okafor, wani Ibo mai kemis a bakin kasuwa. Lokacin da hankali ya tashi kafin yaƙi, ya gudu da iyalinsa ya bar wa Baba makullan gidansa da na shagonsa. Da suka dawo bayan yaƙi suka tarar da kome yadda suka bari, har keken ɗinkin matarsa Baba yana sa masa mai. Na shiga shagon na yi kamar tambaya nake yi saboda wani tsoho a makarantarmu. Ya sauke gilashinsa ya dube ni. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinsa.

"Ticha, kar ka yi mani wayo. Papa ne. Na gan shi a keke jiya, na ce wannan ƙarfi daga ina. Ka ji ni da kyau, wannan ciwo ba ya sallama. Mutum yana dariya, yana cin tuwo, sai ya faɗi. Farin zan aika Jos a kawo. Kar ka kawo mani kuɗi. Papa ya riƙe mani gida shekara uku da rabi, ko cokali ɗaya bai ɓata ba."

Da maganin ya iso na kai wa Baba na ce da albashina na saya. Ya yi faɗa, don ya san tarin kuɗi nake yi. Na samu gurbi a babbar kwalejin horon malamai a Zariya, zan fara bayan damina, kuma ni ce mace ta farko a danginmu da ta kai nan. Duk da haka ya sha, ya ce kuɗin 'yarsa gumin gidansa ne. Wata guda yana sha, farar ba ta dame shi da kome ba, ni ma na samu barci. Sai wata rana matar Oga Okafor ta tare shi a ƙofar gida, da kyakkyawar zuciya, ta ce kada ya damu, maganin zai riƙa zuwa duk wata, ko kwabo ba za su karɓa ba. Da na dawo daga makaranta na tarar da kwalbar a kan teburin ɗakinsa. Ya tura ta gabana.

"Ki mayar masa, ki yi masa godiya. Don Allah na riƙe masa gida, ba don ya biya ni da ƙwaya ba. In na karɓa, na sayar da abin da na yi ke nan."

"To bari in saya da gaske, Baba."

"Da kuɗin makarantarki? Wata nawa? Shekara nawa? Abin nan ba ya ƙarewa sai na ƙare. Na riga na biya sau ɗaya. Ba zan bari 'yata ta sake biya ba."

A nan ne ya kamata in karya alkawarin. Hanyoyi suna nan a buɗe. Da na gaya wa Fasto, da ya zo ya zauna da shi, Baba kuwa ba ya musu da Fasto. Asibitin gwamnati yana nan, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a ƙasa. Oga Okafor da kansa ya zo har sau biyu ya roƙe shi, Baba ya ba shi kujera da ruwa ya sallame shi, Oga Okafor kuma ya ɗauka na gaya wa Mama. Ban gaya wa kowa ba. Ga kuma abin da ban taɓa faɗa wa ko mijina ba: da Baba ya ce ba zai bari in taɓa kuɗin makaranta ba, wani sashe na zuciyata ya ji sanyi. Ina son Zariya. Na riga na ɗinka riguna biyu, na sayi akwatin ƙarfe. Na ce wa kaina ai girmama shi nake yi, ai alkawari kaya ne. Amma cikin shirun nan akwai rabona, kuma na sani.

Da hutun Ista Yaya Yohanna ya zo da burodi da gwangwanin madara da atamfa ta Mama. Ya ga Baba yana ta kai da kawo, ya ji daɗi ƙwarai. Ina bayan gida ina figar kaza sai ya zo ya tsaya a kaina.

"Tsoho ya yi kyau fa. Yana dai shan maganinsa ko?"

"Yana sha," na ce, ban ɗago kai ba.

Da na faɗi gaskiya, na san Yaya. Taurin kansu ɗaya da Baba. Da bai bar garin ba sai ya sa shi a jirgi ya kai shi wurin likita a Kaduna, ko da za su yi wata ba sa magana.

Ruwa ya sauka, Baba ya shuka cittarsa ya rufe ta da ganye, ta fito kore shar. Wata huɗu ba abin da ya same shi sai ciwon kai jefi-jefi, wanda yakan ce rana ce. Ni ma na soma ganin kamar Oga Okafor ya cika tsoro. Wata Asabar a tsakiyar damina ya dawo daga cire ciyawa kafin azahar, ya jingine keke, ya zauna a kan turmi zai wanke ƙafa, ya ce in ba shi ruwan sha. Na miƙa masa kofi, ya karɓa, sai kofin ya faɗi. Na sunkuya zan ɗauka, da na ɗago sai na ga bakinsa ya karkace, yana son ya kira ni kalmar ta ƙi fita. Ya zame daga kan turmin a hankali kamar buhun da aka kwance wa baki. Ihun Mama ne ya kawo maƙwabta. Oga Okafor ya bar shagonsa a buɗe ya samo mota, muka kai shi asibiti.

Likitan da ya duba shi ya tambaye mu wane magani yake sha, kuma yaushe rabonsa da shi. Na ce ban sani ba daidai. Ya ce awon da ya gani ba na mai shan magani ba ne. Da Mama ta gaya masa yadda rawayar ƙwayar ta riƙa wahalar da shi, ya girgiza kai ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, da an kawo shi tun lokacin da an rage masa ko an canza. Washegari Yaya ya iso. Ya ɗauki koren katin, ranar Alhamis ya tafi tagar nan, aka duba aka ce masa rabon Baba da karɓa tun farkon shekara. Tsofaffin da ke layi suka ba shi labarin maganar kyauta. Ya dawo asibiti idonsa jawur, ya same ni a baranda.

"Sun wulaƙanta shi har ya gudu. Su suka kashe shi. Amma ke da kike gida, ba ki lura ba?"

"Duk Alhamis ta biyu yana fita da katinsa," na ce.

Babu ƙarya a cikin kalmomin, amma ƙarya na yi da su. Yaya ya dafa kafaɗata ya ce kada in yi kuka, ba laifina ba ne.

Baba bai mutu a lokacin ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi sai 'yan kalmomi uku ko huɗu, ya kwanta shekara huɗu. Mama ba za ta iya ɗaga shi ita kaɗai ba, Yaya kuma albashinsa ne yake riƙe da mu, ba zai bar Kaduna ba. Na rubuta wa kwaleji cewa ba zan zo ba. Akwatin ƙarfen ya koma ma'ajiyar zannuwan gadonsa. Kuɗin da na tara kuwa suka tafi inda ya ce kada su tafi. Duk wata ina zuwa wurin Oga Okafor, na tilasta masa ya riƙa karɓa, in dawo in niƙa farar ƙwayar a cikin kunu. Ranar farko Baba ya gane ɗacin, ya kau da kai, ya datse baki. Na riƙe cokalin na ce masa wannan karon ba zan ji maganarsa ba. Ya daɗe yana kallona, hawaye yana bin gefen fuskarsa da ya mutu, sa'an nan ya buɗe baki.

Mutane suka yi ta yabona. Fasto ya ambace ni a wa'azi, ya ce 'yan mata su yi koyi da Rifkatu da ta bar karatu saboda mahaifinta. Ina zaune a cikin mata, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban sake samun damar Zariya ba. Bayan rasuwar Baba na yi aure, kuka zo, na ci gaba da koyarwa da ƙaramar takardata har na yi ritaya, yaran da na koyar suka zama shugabannina a wurin aiki. Ba ina faɗa ba ne don ku tausaya mani. Kamfanin ya yi laifi, domin wanda ya karɓi gumin mutum shekara ashirin da takwas bai kamata ya tsayar da shi a rana ya kira haƙƙinsa kyauta ba. Muddin Baba yana jin ana ba shi nasa da mutunci, bai tsallake ƙwaya ɗaya ba. Shi ma yana da nasa laifin, ya fifita zuciyarsa a kan ransa. Amma wata bakwai ne tsakanin ranar da ya daina da ranar da ya faɗi, kuma a yawancinsu akwai wadda ta sani.

Mutum ɗaya na taɓa gaya wa, ita ce Mama. Baba ya yi kamar shekara ɗaya a kwance lokacin. Wata rana da hantsi mun wanke zannuwan gadonsa muna shanyawa a igiyar bayan gida, sai na ji ba zan iya ci gaba da riƙe abin ba.

"Mama, na san Baba ya daina shan magani. Tun kafin Ista na sani. Ya sa na yi masa alkawari, na kuma yi wa Yaya ƙarya."

Ba ta juyo ba. Ta gama matse zanen da ke hannunta, ta yarfa shi, sa'an nan ta yi magana.

"Ni tun satin farko na sani. Shekara talatin da biyar ina tare da mutumin nan. Ni nake share ɗakinsa, na ga kwalbar wayam a bayan akwati. Na je zumunta na ba da shaida alhali na san ba addu'ata kaɗai ba ce ta buɗe masa hanci. Na ga ya dawo yana waƙa, ban so in mayar da shi gindin mangwaro ba. Sai na ce a raina, Rifkatu mai ilimi ce, in da haɗari za ta yi magana."

"Ni kuma na ce Mama ba ta sani ba, kada in tayar mata da hankali."

Ruwa yana ta ɗiga daga zannuwan. Can na ce mata ko in gaya wa Yaya.

"Ki bar shi da kamfaninsa," in ji ta. "Fushinsa yana da yawa. In kika ƙwace masa inda yake ajiye shi, cikin gidan nan zai kawo shi, mu kuwa mu uku muka rage a tsaye."

Daga cikin ɗaki muka ji Baba yana buga cokali a jikin kwano da hannun hagu, yadda yake yi in ɓarin da yake kwance a kai ya gaji. Mama ta share fuskarta da bakin zanenta, ta miƙo mani gefe ɗaya na babban bargon.

"Kama nan mu shanya," ta ce. "Lokacin juya shi ya yi."